Wanda ruwa ya cinye ma ɗaki, ina zai kwana?



Tambayar da masu saurare ke yawan yi ita ce: shin haƙƙin gwamnati ne ta ba marasa muhalli wurin zama? Mu dai amsarmu e ce. Amma ba irin gidan da ake nuna muna a télé muke nufi ba.

Da farko, su wa ke nan marasa muhalli a garinmu? Mukan ce Bahaushe ba ya barin ɗan uwansa ya kwana waje, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai wannan zumunci shi ke ɓoye girman matsalar. Iyali guda sun rarrabu gida uku: uwa da ƙanana wajen iyayenta, samari zauren maƙwabci, mai gida masallaci. Ba a kan titi suke ba, amma ba su da gida. Ga zawarawa da aka kora saboda kuɗin haya. Ga almajirai da masu taɓin hankali da ke kwana rumfunan kasuwa da tasha.

Ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024 ta tona asirin. Ruwa wajen milimita 150 ya sauka kan Maraɗi cikin ɗan lokaci, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa, sanarwar farko ta ce mutum 15 sun rasu. A damanar 2024, faɗin Nijar, kusan mutum 400 muka rasa, sama da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa. Ina aka kai mutane? Azuzuwan lakwal. Shi ya sa aka ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. Ke nan rashin gidan wasu ya zama rashin karatun ɗiyanmu gaba ɗaya. Duk mai cewa wannan ba ruwan gwamnati, ya tuna cewa ko ta so ko ta ƙi tana biya: da tabarmi, da bargo, da buhunan hatsi, da kwanakin karatu. Bana a raba, baɗi a sake rabawa.

Abin da mutane da yawa suka manta, wannan birni da muke taƙama da shi, shi kansa sake matsuguni ne. Tsohon Maraɗi cikin kwarin gulbi yake. A 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya yi wa garin ɓarna, hukumar Nasara ta lokacin ta tayar da mutane zuwa kan tudu, ta yanka fegi, ta fidda hanyoyi miƙaƙƙu. Unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo, Ƴan Daka da Maraɗawa a kan wannan tsari suke zaune. Ba a gina wa kakanninmu villa ba. Fili aka ba su inda ruwa ba ya kwana, su kuma suka kwaɓa ƙasa suka tada ɗakunansu. Idan mulkin mallaka ya iya haka don amfanin kansa, ƙasa mai ƴanci ba ta da hujjar kasawa.

To, me muke nema?

Fegi a kan tudu, da takarda da sunan mai shi. Pampo da kanibo da hanya kafin a kai mutane, ba bayan an kai su ba. Sai taimakon siminti na tushe da tol na rufi, tunda gidan ƙasa daga gindi yake mutuwa, in ruwa ya kwanta mishi. Sauran aikin a bar muna, mun san gayya, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidajen SONUCI da bashin Bankin Habitat suna da amfaninsu, amma na mai albashi ne. Mai tura baro da mai tuyar ƙosai ba su da takardar albashin da za su nuna.

Mun san abin da za a ce. Na ɗaya, babu kuɗi. Gaskiya ne aljihun ƙasa ba ya ɗaukar gina wa kowa gida, shi ya sa ba mu ce a gina ba. Duk lokacin da meri ta yi lotisma, a ware kaso sananne na waɗanda ruwa ya tayar, a manna sunayen kowa ya gani. Na biyu, za su saida fegin su koma bakin gulbi. Wasu za su yi, ƙwarai. Maganin shi ne takardar ta hana sayarwa na wasu shekaru, wurin da aka tashi kuma a hana sake gini a kansa. Amma mu tambayi kanmu me ke maida mutum. Manomin Jiratawa da abincinsa ke cikin fadama, da zogalansa da garkarsa, in ka kai shi inda ba ya iya zuwa aiki da ƙafa, wallahi zai dawo. Haka na Tibiri. Tudun da za a zaɓa ya kasance kusa da abin yin mutane, a kuma zauna da masu unguwa da fadar Katsinar Maraɗi da ta Gobir kafin a buga ƙusa ɗaya.

Sai maganar ƴan haya. In gida ya faɗi, sunan mai gida ake rubutawa, alhali wanda ya kwana cikin ruwa ɗan haya ne. A ƙirga mutanen da ke cikin gida, ba bango ba. Masu taɓin hankali da tsofaffi marasa kowa kuwa, fegi ba ya musu amfani. Su wurin kwana suke buƙata mai rufi da mai kula, kuma wannan bai fi ƙarfin birni kamar Maraɗi ba, garin alhazai.

Lokacin wannan aiki rani ne, ba ranar da hadari ya haɗo ba. Mu tambayi hukumomin birni tun yanzu: ina filin, ina jerin sunayen, yaushe za a fara?

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya rufa wa kowa asiri.