Kafin Jarabawar Kwamfuta Ta Iso Damari, A Gina Wa Ɗalibai Laburare

A shekarar 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da cewa gwamnatin tarayya na son WAEC da NECO su koma yin jarabawa da kwamfuta. JAMB kuwa tun 2015 ta daina amfani da takarda da fensir. Ga yaron da ke karatu a Abuja ko Legas, wannan ƙaramin sauyi ne. Ga ɗalibin sakandare a Damari da ke ƙaramar hukumar Sabuwa, ko a ƙauyukan Faskari da Ƙanƙara, magana ce ta ci gaba da karatu ko tsayawa. Da yawa daga cikin irin waɗannan ɗalibai ba sa taɓa madannin kwamfuta sai ana gobe jarabawa, wasu ma sai a ranar.

Wannan yanki ya sha wahalar da ta isa a ce ya cancanci kulawa ta musamman. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kwashe ɗalibai sama da 300. An sako su bayan kwana shida, amma makarantun kwana da dama a jihar sun daɗe a rufe. A Satumba 2021 kuma aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, aka shafe watanni ba kira ba intanet. Yaran da ke firamare a wancan lokaci su ne ke sakandare yanzu, kuma giɓin da ya shiga karatunsu bai cike ba.

Idan ana maganar gyaran makarantu a irin waɗannan wurare, katanga da rufi da kujeru ake lissafawa. Duk suna da muhimmanci. Abin da ba a cika sakawa a lissafi ba shi ne ɗakin karatu, alhali Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi cewa kowace makaranta ta mallaki laburare mai aiki. A makarantun karkara da yawa, abin da ake kira laburare kabad ne guda a ofishin shugaban makaranta, makullinsa a aljihun mutum ɗaya.

Malami yana da minti 40 ya koyar da darasi, sauran aikin na ɗalibi ne. Yaron da bai saba karanta shafi goma a zaune ba zai sha wuya da tambayar jarabawa mai tsawo, ko a takarda take ko a fuskar kwamfuta. Saboda haka maganin matsalar jarabawar kwamfuta daga sabo da karatu yake farawa, kuma sabon yana zuwa ne idan yaro ya samu littafin da yake jin daɗinsa.

A nan Katsina tana da abin tinƙaho. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar rubutun Hausa ta 1933, daga baya ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya koya wa dubban yara son karatu. Matasan yau ma ba su daina karatu ba. Duk wanda ya san yadda 'yan mata ke bibiyar littattafan Hausa a WhatsApp da Wattpad, ko yadda gasar Hikayata ta BBC Hausa ta samu karɓuwa tun da aka fara ta a 2016, ya san ƙishirwar tana nan. Aikin makaranta shi ne ta tari wannan ƙishirwa da littattafai masu kyau na Hausa da Turanci da Larabci, ta bar ɗalibi ya ara ya tafi da su gida. Littafin da ya tsufa a hannun yara ya fi wanda gara ta cinye a kabad.

Sai batun na'ura. Darasin 2021 ya nuna cewa duk shirin da ya dogara kacokan ga intanet zai iya mutuwa dare ɗaya a wannan yanki. Akwai mafita. Manhajar Kiwix tana ba da damar sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba tare da intanet ba. Kolibri ma haka take aiki da darussan lissafi da kimiyya. Ana iya ɗora su a 'yar ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, ta riƙa raba wa wayoyi da kwamfutocin da ke cikin ɗakin. Da farantin sola da batir da kwamfutoci goma, ɗaki guda zai iya zama wurin karatu da safe, wurin gwajin jarabawa da yamma.

Irin wannan ɗaki shi ke ba ɗalibi damar ƙirƙirar wani abu da hannunsa. Sabuwa da Faskari ƙasar noma ce, ta masara da waken soya da auduga. Ɗalibai za su iya rubuta farashin hatsi a kasuwannin yankin kowane mako, su zuba a jadawalin kwamfuta, su ga watan da farashi ke faɗuwa da watan da yake tashi. Za su iya auna ruwan sama a harabar makaranta tsawon damina, ko su naɗi muryoyin dattawa kan tarihin garuruwansu kafin a rasa su. Wanda ya yi wannan na zango ɗaya ba zai ji tsoron kwamfutar JAMB ba. Labarin William Kamkwamba na ƙasar Malawi shaida ne: talauci ya fitar da shi daga sakandare, amma daga wani littafin kimiyya da ya aro a ƙaramin laburaren ƙauyensu ya haɗa injin iska mai ba da lantarki a 2002, yana ɗan shekara 14.

Akwai masu cewa wannan buri ne na masu ƙoshi: makarantar da ba ta da isassun malamai, kuma iyaye ke tura yara cikinta da fargaba, ina ruwanta da laburare? Akwai gaskiya a maganar, domin rai shi ne gaba da komai. Sai dai tsaro yana sa a buɗe ƙofar makaranta ne kawai, abin da yaro zai tarar a ciki shi ke sa uba ya haƙura da aikin gona ya bar shi ya zauna. Sannan inda malamai suka yi ƙaranci, nan ne littafi ya fi amfani, don shi ne zai tsaya wa ɗalibi ranar da babu malamin kimiyya. Fargabar sace kaya ma hujja ce ta fara da kaɗan, da na'urori marasa tsada da za a iya kullewa a akwatin ƙarfe, a kuma damƙa amanarsu ga kwamitin kula da makaranta na al'umma.

Hanyoyin kuɗi ma akwai su. Katsina na cikin jihohi bakwai na farko a shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, kuma koyar da 'yan mata fasahar zamani na cikin ginshiƙansa. Akwai tallafin UBEC ga ƙananan sakandare. Akwai kuma ayyukan mazaɓa na ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Kuɗin da ake kashewa wajen rabon babura na rana ɗaya zai iya cika ɗakuna da dama da littattafai.

Abin da ya fi kaya muhimmanci shi ne mutum. Kowace makaranta na buƙatar malami ɗaya da aka horar, aka rage masa darussa, aka ba shi alhakin buɗe ɗakin kullum da rubuta wanda ya ari littafi. A kuma sa lokacin laburare cikin jadawalin mako, kamar yadda ake sa lissafi. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa za ta iya fara gwaji da sakandare ɗaya a kowace daga cikin waɗannan ƙananan hukumomi uku, bayan shekara guda ta fito da alƙaluma: littattafai nawa aka ara, ɗalibai nawa suka iya buga rubutu a kwamfuta, ayyuka nawa suka kammala. Iyayen Damari suna da haƙƙin su nemi a fara da garinsu.