Toka a Kogi, Gawa a Kabari: Hukuma Ta Bar wa Iyali Zaɓinsu

A garin Haridwar da ke arewacin Indiya, inda Kogin Ganga ya sauko daga duwatsun Himalaya, kullum ana ganin iyalai sun iso da 'yar tukunya an ɗaure bakinta da ƙyalle. Abin da ke ciki tokar gawar uba ce, ko uwa, ko ɗa. Sukan sauka matakalar bakin kogi, malamin addinin Hindu ya yi addu'o'insa, sannan a kwance ƙyallen a juye tukunyar cikin ruwa. Kafin su kama hanyar gida, da yawa sukan nemi malamin da ke riƙe da littafin zuriyarsu. Malaman garin sun gaji manyan littattafai rubutun hannu, wasu sun yi ɗaruruwan shekaru, kowane da sunayen iyalan wani yanki. Sai a buɗe shafin gidan, a ƙara sunan mamacin ƙarƙashin na kakanninsa.

Mutumin da ya kwana a jirgin ƙasa rungume da tukunya don ya yi wannan, haƙƙin mahaifinsa ya zo saukewa, gwargwadon yadda aka koya masa.

Ga Bahaushe abin yana da wuyar ji. Musulunci ya hana ƙona gawa: wanka ake yi mata, a sa ta a likkafani, a sallace ta, a kwantar da ita a kabari tana fuskantar alƙibla, kuma ba tare da jinkiri ba. Wannan hukunci yana nan daram ga kowane Musulmi. Sai dai ƙin abu ga kai daban ne, gane abin da yake nufi ga masu shi daban ne. Wanda ya ce hukuma tana da ikon hana ɗan Hindu watsa tokar uwarsa don kawai abin bai yi wa wasu daɗi ba, ya miƙa wa hukumar ikon da za ta iya juyowa da shi kan makabartarsa.

Masu al'adar ƙona gawa ba 'yan kaɗan ba ne. A Japan sama da kashi 99 cikin ɗari na mamata ƙona su ake yi, a Birtaniya kusan kashi 80, a Amurka ma sun haura rabi. A gidajen ƙona gawa na zamani, wuta mai zafin digiri 800 zuwa 1,000 takan gama aikinta cikin kamar awa biyu, sai a tattara gutsattsarin ƙashi a niƙa da inji. Na babban mutum yakan kai kilo 2 zuwa 3. Shi ake miƙa wa iyali, daga nan kuma tambayar inda za a kai shi ta taso.

Da aka kashe Mahatma Gandhi a watan Janairun 1948, an rarraba tokarsa a tukwane da yawa. An zuba kaso mafi girma a mahaɗar koguna da ke Allahabad, wani kason ya isa har Jinja ta Yuganda, inda Kogin Nilu ya fito daga Tafkin Biktoriya. Wata tukunyar ta shafe kusan shekara 50 a ma'ajiyar wani banki kafin a fito da ita a zuba a ruwa a 1997. Jawaharlal Nehru, wanda ya rasu a 1964, ya bar wasiyyar a zuba kaɗan daga tokarsa a Ganga, sauran a watsa daga jirgin sama a kan gonakin manoman Indiya, kuma aka cika masa.

Hukuma tana da abin cewa a nan, amma mai iyaka. A Amurka, mai son watsa toka a teku sai ya yi nisan mil 3 na ruwa daga gaɓa, ya kuma sanar da hukumar kare muhalli cikin kwana 30. A Ingila, 'yan Hindu da Sikh na yankin Leicester suna shiga kwale-kwale su zuba tokar 'yan'uwansu a wani sashe na Kogin Soar, tunda ba kowa ke da kuɗin zuwa Indiya ba. Irin waɗannan ƙa'idoji kare jama'a suke yi, ba su ƙwace wa iyali gawarsu ba. Fadar Paparoma ma ta hana watsa toka a 2016, amma mabiyanta kawai ta yi wa magana, kuma wannan hurumin kowane addini ne.

Abin da ya faru a Siri Lanka ya wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba. A watan Afrilun 2020 gwamnatin Gotabaya Rajapaksa ta fitar da doka cewa duk wanda cutar korona ta kashe sai an ƙona shi, ko mene ne addininsa. Hujjarta ita ce binnewa za ta gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa. A lokacin kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta bayyana cewa ana iya binnewa, ana iya ƙonawa, kuma kusan duk ƙasashen duniya sun bar a binne nasu. Musulmi, waɗanda suke kusan kashi 10 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, sun kai ƙara Kotun Ƙoli tare da wasu Kiristoci, ta yi watsi da ƙarar a watan Disamba. A cikin wannan watan aka ƙona jaririn wani gidan Musulmi ɗan kwana 20 a Kolombo. Mutane na addinai daban-daban suka riƙa zuwa ƙofar gidan ƙona gawar suna ɗaura fararen ƙyallaye a jikin ƙarfen shingen, hukuma tana kwancewa, suna sake ɗaurawa. Iyalai da dama sun ƙi karɓar tokar da aka miƙo musu. Ga wanda ya yi tafiya zuwa Haridwar, tukunyar nan amana ce. Ga waɗannan iyalai, shaida ce ta cewa an hana su yi wa ɗansu wanka da sallah.

Sai a ƙarshen Fabrairun 2021 aka janye dokar, kwanaki kaɗan bayan ziyarar Firaministan Pakistan Imran Khan, lokacin da gwamnati ke neman goyon bayan ƙasashen Musulmi a zaman kare haƙƙin ɗan Adam na Geneva. Kafin nan an ƙona Musulmi fiye da 200. Bayan janyewar ma, wuri guda aka keɓe a Oddamavadi, can gabashin ƙasar, ana kwasar gawarwaki daga ko'ina zuwa can. A watan Yulin 2024 majalisar ministocin ƙasar ta nemi afuwa. Neman afuwar abu ne mai kyau, amma babu kabarin da ya samar wa waɗanda aka ƙona.

Ko inda haɗarin na gaske ne, tilas ba ta cika biyan buƙata ba. Gawar mai cutar Ebola tana yaɗa cutar sosai, shi ya sa a watan Agustan 2014 gwamnatin Ellen Johnson Sirleaf ta Laberiya ta umarci a riƙa ƙona mamatan Monrobiya. Mutane suka fara ɓoye marasa lafiyarsu a gida, suna binne mamata a asirce, abin da ke ƙara wa annoba ƙarfi. A ƙarshen shekarar aka koma binnewa cikin kariya, aka buɗe makabartar Disco Hill. Tokar dubban mutane kuwa ta riga ta cakuɗe, a cikin ganguna aka kai ta wannan makabarta a 2015, babu mai iya cewa ga ta mahaifiyarsa.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A 2013 Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a dokar da ta halatta ƙona gawa a Jihar Legas. Kashinta na farko ya shafi wanda ya zaɓa da kansa ko iyalinsa suka zaɓa, kuma babu dalilin da zai sa a hana ɗan Hindu mazaunin Legas wannan. Kashi na biyu ya shafi gawarwakin da ba a zo nema ba, saboda ɗakunan ajiye gawa sun cika, filin makabarta kuma ya yi ƙaranci. Wannan kashin ne ke buƙatar a sa masa ido, domin gawar da ba a nema ba ba ta zaɓi komai ba. Ɗan ci-rani da ya baro Katsina ko Maraɗi yana dako ko acaba, mota ta buge shi ba katin shaida a aljihunsa, iyalinsa ba su ƙi shi ba, labarin ne bai kai musu ba. Legas tana da sarakunan Hausawa a Agege da Idi-Araba, tana da limamai da majami'u da ƙungiyoyin da suka saba ɗaukar nauyin jana'izar baƙo. Ya kamata ya zama ƙa'ida a rubuce cewa asibiti zai sanar da su, da hoto da inda aka tsinci mamacin, ya kuma ba su wa'adin zuwa su duba kafin a yanke hukunci a kan gawar.