Wa ke Duba Ƙarƙashin Gidan da ke Gudu a Kan Titi?

A shekarar 2021 masana'antun Amurka sun fitar da motoci da tirelolin tafi-da-gidanka sama da 600,000, adadin da ba su taɓa kaiwa ba, domin annobar korona ta sa jama'a sun ƙaurace wa jiragen sama da otal-otal. Mafi yawansu an harhaɗa su ne a yankin Elkhart na jihar Indiyana, inda manyan kamfanonin sana'ar, Thor Industries da Forest River, suke da hedikwata. Cikin waɗannan gidaje masu ƙafa akwai wani nau'i da Amurkawa ke kira "ƙafa ta biyar", wanda babbar a-kori-kura ke ja. Sunan ya samo asali ne daga keken doki na dā, wanda ke da wani da'iran ƙarfe kwance a saman ƙafafun gaba da ke ba shi damar karya kwana. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da kan tirela a Tafa ko Mararrabar Jos ya ga jikan wannan ƙarfe: faranti mai siffar kofaton doki, shafe da giris, wanda wata ƙatuwar ƙusa daga jikin bodi ke shiga ta kulle. Irinsa ne ake ɗaurawa a bayan a-kori-kura a Amurka, sai dai abin da ake ja ɗakin kwana ne da falo da kicin da bayan gida.

Babba daga cikin irin wannan tirela takan kai tan bakwai ko fiye idan an loda ta. Duk wannan nauyi, in ban da abin da farantin ya ɗauka, yana zaune ne a kan sandunan ƙarfe biyu ko uku da ke haɗa ƙafafun hagu da na dama, wato aksil, da sifirin ɗin da ke riƙe da su. Wannan sashe shi ne mafi muhimmanci a jikin tirelar, kuma shi ne wanda masana'anta ke tsuke wa hannu, dillali ba ya nunawa, hukuma a jihohi da yawa ba ta dubawa, mai shi kuma ba ya tunawa da shi sai ranar da hayaƙi ya tashi. Idan ƙafa ta cire a kan babban titi, nan take a ce laifin mai tirela ne da bai kula da kayansa ba. Akwai gaskiya a maganar, amma rabin gaskiya ce, kuma an bar jaki ana dukan taiki.

Lissafin da aka yi shi cif da cif

Kowace tirela tana ɗauke da takardar da ke faɗin iyakar nauyinta gaba ɗaya, da iyakar abin da kowane aksil zai iya ɗauka. Wanda ya haɗa lissafin zai ga cewa jimlar ƙarfin aksil ɗin sau da yawa ba ta kai nauyin tirelar ba. Dalilin masana'anta shi ne, kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin yana sauka ne a kan farantin a-kori-kura. Wannan halas ne a doka, amma a duba yadda yake a aikace.

A ɗauki tirela mai iyakar kilo 7,250 da aksil biyu, kowanne mai ƙarfin kilo 3,175, haɗin da aka saba gani a kasuwa. Aksil biyun tare suna ɗaukar kilo 6,350. Idan kashi 20 na nauyin ya sauka a kan faranti, ragowar kilo 5,800 ne, ke nan akwai rarar kilo 550. Amma idan mai tirela ya jera kayansa masu nauyi a baya, babur ko janareta ko akwatin kayan aiki, har nauyin faranti ya sauko zuwa kashi 15, sai aksil su ɗauki kusan kilo 6,160. Rarar ta koma ƙasa da kilo 200, alhali mutumin bai ƙetare iyakar da aka rubuta masa ba ko da kilo ɗaya. Tankin ruwa mai lita 300 kaɗai kilo 300 ne.

Sannan nauyi ba ya rabuwa daidai tsakanin hagu da dama. Gefen da firji da murhu da ɗakin da ake turowa waje suke yakan fi ɗan'uwansa nauyi. Saboda haka ƙafa ɗaya tana iya wuce ƙarfinta yayin da jimlar ke nuna komai lafiya. Sikelin manyan motoci irin na CAT Scale da ke tashoshin mai yana auna aksil ɗin ne a dunƙule, ba ya nuna wannan bambanci. Sai an auna kowace ƙafa ita kaɗai ake gane shi, kuma 'yan ƙungiyoyin masu tafi-da-gidanka ne ke yin wannan awo a tarukansu. Babu dokar da ta ce masana'anta ta faɗa wa mai saye nauyin da ke kan kowace ƙafa ranar da tirela ta bar ma'aikata.

Inda ɓarna ke farawa

Mafi yawan waɗannan tireloli suna tafiya ne a kan sifirin mai ganye-ganye, fasahar da ta girmi mota kanta. Kowane sifirin yana rataye da wani kunnen ƙarfe da aka yi wa walda a jikin casis. Tsakanin sifirin na gaba da na baya akwai wani ƙarfe mai lilo da ke raba nauyi, wanda 'yan gajerun ƙarafa da noti ke haɗa shi da su. A cikin ramukan da notin ke bi akwai bushin, kuma a tireloli da yawa na roba mai tauri ake sakawa, wanda ba ya shan giris. Idan ya cinye, ƙarfe ya fara gogar ƙarfe, ramin da yake zagaye ya koma dogo, har ranar da ƙarfen haɗin zai tsinke. Daga nan aksil ya goce, taya ta daki bodi ko ta daki 'yar'uwarta.

Maganin wannan sananne ne: bushin na tagulla, noti mai bakin shan giris, da ƙarafan haɗi masu kauri. A cikin Elkhart ɗin kanta akwai kamfanoni irin su MORryde da ke sayar da waɗannan kaya ga waɗanda suka riga suka sayi tirela. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da farashin tirelar da ake saye da dubun dubatar daloli. Kasuwar da ta rayu a kan sayar da gyaran abin da ya fito sabo fil tana ba da shaida a kan abin da ya fito.

Na biyu shi ne boris. A cikin cibiyar kowace ƙafa akwai boris biyu da ke juyawa cikin giris, da wani zoben roba da ke hana giris ɗin tsallakawa cikin birki. Kamfanin Dexter, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera aksil a Amurka, ya shawarci a buɗe cibiyar a duba boris a sake giris duk wata 12 ko mil 12,000, kimanin kilomita 19,000, duk wanda ya riga zuwa. Amma aksil da yawa suna zuwa da wani ɗan baki a tsakiyar cibiya da ake ɗura giris ta cikinsa ba tare da an kwance komai ba, kuma a wurin ciniki akan nuna shi tamkar ya kawo ƙarshen wahala. Ɗura giris ba ya nuna boris da ya yi tsatsa ko ya ƙone. Mai ɗurawa da ƙarfi, musamman ba tare da juya ƙafar ba, yana iya fasa zoben robar, giris ya malale cikin birki. Mutumin ya tashi yana ganin ya yi wa tirelarsa hidima, alhali ya kashe birkin ƙafa guda.

Taya kuwa ita ce mai tona asiri. Aksil sabo yana da ɗan lanƙwasa zuwa sama a tsakiyarsa, domin idan an ɗora nauyi tayoyi su tsaya daidai. Wanda aka yi wa lodin wuce kima yakan miƙe, sai tayoyi su riƙa cinyewa ta ciki. Cinyewar gefe ɗaya a taya ɗaya kan nuna aksil ya lanƙwashe ko ya goce daga saiti, abin da rami ɗaya ko dakan bakin kwalbati ke iya jawowa. A tirela mai aksil biyu, duk kwana mai tsanani tana jan tayoyi a karkace, tana murɗa sifirin da kunnuwansa. Tayoyin tirela da yawa an ƙera su ne don gudun da bai wuce kilomita 105 a awa ba, kuma sukan tsufa kafin zanensu ya goge. Lambobi huɗu na ƙarshe a jikin taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta.

Hujjojin masu cewa a bar abin yadda yake

Hujja ta farko ita ce, waɗannan tireloli ba sa tafiya mai yawa, wasu sau uku ko huɗu a shekara, don haka ba sa bukatar binciken da ake yi wa motar kasuwa. Sai dai zama ma yana cin ƙarfe. Tirelar da ta kwashe hunturu a ajiye, raɓa na shiga cibiyarta, boris na tsatsa a wurin da ya tsaya, rana na busar da taya. Ranar da aka fito da ita kuwa, kai tsaye babban titi ake hawa da ita, da cikakken lodi, cikin zafin bazara.

Hujja ta biyu ita ce 'yanci: kayan mutum ne, shi ya san yadda zai yi da shi. Da tirelar za ta zauna a bayan gidansa, da maganar ta zauna. Ƙafar da ta cire, taya da wili da gangar birki a haɗe, ba ta tambayar motar wa za ta faɗa wa. Dokar tarayya ta Amurka ta riga ta amince da wannan ga motocin kasuwanci: wajibi ne a yi musu cikakken bincike duk shekara, kuma direba ya tabbatar da lafiyar motarsa kafin ya tashi. Amma tirelar yawon shaƙatawa mai nauyi ɗaya da wata motar kasuwa ba ta cikin wannan doka, kuma a jihohi da dama lasisin ƙaramar mota ya isa a ja ta. Jihohi da yawa ba sa binciken lafiyar mota ko kaɗan, kuma daga farkon 2025 Texas ta soke nata ga motocin da ba na kasuwanci ba. A Jamus kuwa, tirelar yawon buɗe ido sai an kai ta binciken hukuma a kai a kai, galibi duk shekara biyu, kuma hakan bai hana Jamusawa yawo ba.

Hujja ta uku ita ce tsada da nauyi: aksil mafi ƙarfi zai ƙara farashi, ya kuma ƙara nauyin da a-kori-kura za ta ja. Gaskiya ne, zai ƙara. Amma masana'antar da ta samu gurbin murhun ado da talabijin biyu da teburin kicin mai nauyi ba za ta ce 'yan kilo na ƙarin ƙarfe a ƙasa ne suka gagare ta ba. Zaɓi ta yi, ta sa kuɗin inda idon mai saye ke kaiwa. Garantin gaba ɗaya galibi shekara ɗaya ce, kuma dokokin mayar da mota mai aibi na jihohi da dama ba su shafi tirelar da ake ja ba, saboda haka hasarar zaɓin ba ta komawa kan wanda ya yi shi.

Rabon mai tirela

Duk wannan bai wanke mai tirela ba. Kafin a gyara doka, a jihohi da yawa shi ne kaɗai mai binciken da tirelarsa ke da shi, kuma aikin ba ya bukatar digiri. Kafin kowace tafiya ya auna iskar taya tun tana da sanyi, ya durƙusa da tocila ya dubi ganyen sifirin ko akwai wanda ya karye ko ya kwanta, ya dubi waldar kunnuwa ko ta tsage, ya dubi ramukan noti ko sun yi tsawo. Idan an kwance ƙafa an mayar, a sake ɗaure notinta da sifana mai awo bayan mil 10, da 25, da 50. A kowane zango ya kai hannu kusa da cibiyar kowace ƙafa: wadda ta fi sauran zafi tana da matsalar boris ko birki mai kamawa. Sau ɗaya a shekara a ɗaga tirela da jak a wurin da masana'anta ta nuna, a girgiza kowace ƙafa sama da ƙasa, a buɗe cibiya, a wanke boris a duba shi da ido, a sa sabon zoben roba, a duba birki da wayoyinsa. Kuma ya auna ta da cikakken lodi, ƙafa-ƙafa idan da hali, ya sake jera kayansa bisa abin da sikeli ya nuna. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Amma ba daidai ba ne a ɗora lafiyar babban titi a kan ƙwazon ɗan fansho mai shekara saba'in da tocila a hannu. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, NHTSA, wadda ta riga ta wajabta manna takardar da ke faɗin nauyin kayan da tirela za ta iya ɗauka, tana da ikon ƙara sharaɗi biyu: a rubuta nauyin da ke kan kowace ƙafa ranar fita daga ma'aikata, kuma aksil da sifirin su kasance da rarar ƙarfi ƙayyadadda sama da cikakken lodi. Jihohi kuma su wajabta binciken ƙasan duk tirelar da ta kai wani nauyi sau ɗaya a shekara, ko ta kasuwa ce ko ta shaƙatawa, kafin a sabunta mata lamba.