Zafi da ambaliya na kwantar da mutanen Zango, wa yake rubutawa?

Kowa a Nima da Maamobi ya san watan Maris. Ɗaki na rufin kwano, taga ɗaya, mutum shida a ciki, ga dumsor ya tsayar da fanka. Tsofaffi na kwana a tsakar gida, yara na fama da ƙuraje, mai hawan jini na tashi da jiri. Zuwa Yuni kuma labari ya juya: babbar gotar Nima, mai kai ruwa Odaw har Korle, ta cika ta tumbatsa, bayan kwanaki sai gudawa da zazzaɓi su bi lungu-lungu. Wannan duk mun sani. Amma a tambaye mu mutum nawa ne suka kwanta bana, nawa bara, sai mu ce "da yawa".

"Da yawa" ba ta shiga kasafin kuɗi. Nan damuwata take.

Hukumar lafiya ta Gana tana da rumbun bayanai na kwamfuta, DHIMS2, inda asibitoci ke zuba adadin marasa lafiyarsu. Hukumar yanayi ma na auna zafi da ruwan sama kullum. Idan aka haɗa biyun, ana iya ganin yadda sauyin yanayi ke taɓa jikin mutane. Sai dai rumbun yana ƙirga wanda ya je asibiti ne kawai. Mu fa? Mai ciwonmu kemis yake farawa, daga nan jiƙo, daga nan rubutu, sai abu ya ci tura a ɗauke shi zuwa asibitin Maamobi ko Ridge. In ya rasu a gida da asuba, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kamar yadda addini ya koyar. A ce "gajeriyar rashin lafiya", shi ke nan. Ko zafi ne ya tayar masa da ciwon zuciya ko na ƙoda, babu takardar da za ta faɗa.

Ƙirga matattu ba jayayya da ƙaddara ba ce. A Indiya, bayan zafin watan Mayun 2010, masana sun duba rajistar mutuwa ta birnin Ahmedabad, suka ga an rasa mutum sama da 1,300 fiye da yadda aka saba. Wannan adadin ne ya sa birnin ya fito da shirin kare jama'a daga zafi a 2013: gargaɗi tun da wuri, ruwan sha a bainar jama'a, asibitoci cikin shiri. A Faransa ma, zafin 2003 ya kashe kusan mutum 15,000, galibi tsofaffi a ɗakunansu.

Mu nan, abin da muke tunawa shi ne mai ƙara. Ranar 3 ga Yunin 2015, ambaliya da gobarar gidan mai a Circle sun kashe mutum sama da 150, kuma duk shekara ana tunawa. Kwalarar 2014 ta kama sama da mutum 28,000 a ƙasar, Accra ce ta fi jin jiki. Wa ke tuna ta yau? Ba na cewa sauyin yanayi ne kaɗai ya kawo waɗannan. Sharar da muke zubawa a gota da zarar hadari ya haɗo, da ƙarancin ban-ɗaki a gidajen haya, namu ne, kada mu laƙa wa gajimare. Amma shekarar 2024 ce mafi zafi da aka taɓa aunawa a duniya, kuma unguwa mai cunkoso da kwano, ba bishiya, ita ke fara ɗanɗana.

Shawarata ba ta bukatar dala. Babu gawar da ake binnewa a Zango liman bai sani ba. To, kowane masallacin Juma'a ya ajiye littafi: ranar rasuwa, shekarun mamaci, namiji ko mace, a gida ko a asibiti, da abin da iyali suka gani kafin cikawa. Ba sai an sa suna ba. Masu kemis su riƙa lura da makon da cinikin ORS ya tashi. Duk ƙarshen wata, matasanmu da suka karanta jinya, kuma Alhamdulillahi muna da su, su tattara su miƙa wa ofisoshin lafiya na Ayawaso East da Ayawaso North. Iyalai kuma su daure su yi rajistar mutuwa ko bayan sadakar uku ne.

Na san wani zai ce, "Malam, mutanenmu ba sa son a rubuta su." Gaskiya ne, kuma akwai dalili: an daɗe ana tambayar ɗan Zango asalinsa duk lokacin da ya je neman takarda. Shi ya sa nake so littafin ya zauna a hannun liman, kuma kalma ɗaya daga ofishin Babban Limami, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, za ta buɗe ƙofofin da jami'i ba zai iya ba.

Aikin GARID na Bankin Duniya, wanda ya fara da dala miliyan 200 a 2019, ya sa Nima cikin unguwannin da za a gyara. Idan an gama gotar, a tambaye mu ko gudawar yara ta ragu, da wane adadi za mu kwatanta? Littafin nan ya kamata a buɗe shi kafin zafin Fabrairu ya shigo.