WA ZAI JI TAUSAYIN MASU SA MU BARCI?

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwar Jibiya! In haihuwa ta yi wa matarka gardama, ko 'yan bindiga suka harbi ɗanka a gona, ina ake kai su? Ɗakin tiyata. To, akwai abin da mahukunta ba su gaya mana game da ɗakin nan.

Iskar da ake shaƙa wa majiyyaci don ya yi barci ba ta ƙarewa a cikinsa. Yana fitar da ita da numfashi, tana kuma yoyo ta gefen robar da ake kifa masa a hanci. Shi sau ɗaya zai shaƙa, ya warke ya koma gida. Amma nas da mai sa barci da leburan da ke goge ɗakin, kullum ta Allah suna cikinta, da ciwon kai da jiri da kasala. Halotan, wanda aka fara aiki da shi a Ingila cikin 1956, yakan taɓa hanta. Ita kuwa naitiros tana kashe ƙarfin bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ba su yi sai da shi.

Ba yau aka san haka ba. Tun 1967 wani masani a Rasha, Vaisman, ya binciki likitoci masu sa barci, ya tarar cikin juna biyu 31 da likitoci mata daga cikinsu suka samu, 18 sun zube. Masana sun yi ta gardama a kan lissafinsa, amma Amurka ba ta tsaya jira ba. Cikin 1977 hukumar NIOSH ta ba da shawarar kada naitiros ta wuce kashi 25 cikin miliyan a iskar ɗakin, irin su halotan kuwa kashi 2.

Mene ne maganin? Bututun da zai kai iskar waje, da fanka mai zuƙewa, da gwangwanin gawayi mai tsotse halotan. Shi ke nan fa! Duka ba su kai kuɗin mota ɗaya ta 'yan rakiyar manya ba. Amma ina ruwan wanda in ya yi atishawa sai Landan?

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta yarda da cutar da aiki ya jawo. Ma'aikacin tiyata nawa aka karanta wa ita? Muna kira ga gwamnatin Katsina ta auna iskar kowane ɗakin tiyata, ta buga sakamakon kowa ya gani, ta kafa bututun, ta kuma ba mai juna biyu damar canjin wurin aiki ba tare da an taɓa albashinta ba. Duk ɗan takarar da ya shigo kasuwa neman ƙuri'a, ku tare shi da wannan magana.