Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A shekarun 1970 Gwamnatin Tarayya ta zuba maƙudan kuɗi a yankin Marte na Jihar Borno, ta haƙa hanyoyin ruwa domin a jawo ruwan Tafkin Chadi a yi noman alkama da shinkafa. Masu tsara aikin sun dogara ne da yadda tafkin yake a shekarar 1963, lokacin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Sai fari ya zo a 1973, ya sake dawowa a 1984, tafkin ya janye, ya bar hanyoyin ruwan a bushe.

Ga kuma abin da ya faru a watan Satumba na 2024. Ruwan sama ya yi yawa, madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Wannan madatsa ta taɓa jawo wa garin ambaliya a 1994.

Jama'a, jiha ɗaya ce ta ga waɗannan masifu biyu, kuma a ganinmu tushensu ɗaya ne: muna tsara ruwan gobe da ma'aunin jiya. Masana sun nuna cewa ɗumamar duniya ta sa ruwan sama a yankinmu yana zuba da ƙarfi a ɗan lokaci, zafi kuma yana ƙafar da abin da aka tara. Saboda haka tsarin da bai yi tanadin fari da ambaliya gaba ɗaya ba, gini ne a kan rairayi.

Wasu za su ce kuɗi ne babu. Amma nawa ne kuɗin duba madatsa kowace shekara, in aka gwada da na sake gina gari?

Muna roƙon hukuma abu uku. Na farko, a farfaɗo da tashoshin auna ruwan sama da na koguna, a riƙa sanar da manoma cikin harshensu. Na biyu, a duba lafiyar kowace madatsa kafin damina, irin su Tiga da Challawa, a kuma saurari mutanen Haɗeja da Nguru da Gashuwa kafin a buɗe ko a rufe, domin su ne ke ƙasan kogi. Na uku, a haɗa kai da maƙwabta. Galibin ruwan Tafkin Chadi daga kogunan Chari da Logone yake zuwa, ba daga ƙasarmu ba. Domin haka ne Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa hukumar kula da tafkin a 1964. Ya kamata a ba ta ƙarfin yin aikinta.

Mu ma talakawa da namu laifin, mu da muke gini a kan hanyar ruwa, muna cika lambatu da shara. Damina na tafe. Allah ya sa mu farga tun da wuri.