Ra'ayi: Gida ɗaya, intanet ɗaya, shawara ga iyalan Ikara, Makarfi da Kudan

Tun bayan da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, data ta shiga sahun cefanen gida. A babban gida irin na Hunkuyi ko Gubuchi ko Paki, inda uba da 'ya'yansa da iyalansu ke zaune a shinge guda, za ka tarar kowa na sayen tasa datar daban: maigida, uwargida, ɗalibin da ke kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris a Makarfi, da ƙaninsa mai shagon POS. Idan aka tara abin da suke kashewa a wata, kuɗi ne mai kauri.

Wannan tsari asara ne. A mafi yawan lokuta, babban kunshin data na wata ya fi ƙananan kunshi na kullum araha idan aka lissafa kuɗin kowane gigabait. Gidan da ya iya noma gandu ɗaya ya ci daga rumbu ɗaya, ba zai gagara shan intanet daga layi ɗaya ba.

Abin da ake buƙata shi ne na'urar rarraba intanet, wadda aka fi sani da rauta. Ana sa mata layin waya, ita kuma ta raba intanet ɗin ga kwamfutoci da wayoyin gidan ta hanyar Wi-Fi ko ta kebul. Ƙaramar da ake sawa a aljihu takan ɗauki na'urori kamar goma, ta tebur kuwa ta fi haka. Kunna hotsifot a waya dabara ce ta ɗan lokaci, domin tana cinye batir, kuma da zarar mai wayar ya tafi kasuwa sai kowa ya zauna.

Amfanin haɗa kwamfutoci bai tsaya ga sauƙin kuɗi ba. Kwamfutocin da ke kan rauta ɗaya suna iya musayar takardu da bidiyon darasi, su kuma yi amfani da firinta ɗaya, ba tare da an taɓa data ba. Mutum ɗaya ya sauke darasi, yara biyar su kalla. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna cewa tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, WAEC ma ta fara hakan ga masu rubutawa daga waje a 2024. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarabawa, ya shiga fili a baya ko da ya fi kowa karatu.

Sai dai haɗin yana da ƙa'idoji, kuma rashin saninsu ne ke sa wasu su saya su ajiye. Na farko shi ne wurin ajiye rauta. A sa ta a sama, kusa da taga, a tsakiyar gida. Katangar ƙasa mai kauri da kwanon rufi suna raunana sigina. Idan rautar na da zango biyu, na 2.4GHz ya fi nisa da ratsa bango, na 5GHz ya fi sauri amma a kusa. Sashen da ke can ƙuryar gida a ja masa kebul, wanda ke aiki lafiya har tsawon mita 100, a ƙara wata na'urar a can.

Na biyu, tsaro. Rauta na zuwa da kalmar sirrin kamfani wadda kowane yaro mai wayo zai iya ganowa, don haka a canza ta tun ranar farko, a kuma zaɓi kariyar WPA2 ko WPA3. Baƙi da maƙwabta a buɗe musu layin baƙi na daban, musamman a gidan da ake hada-hadar banki a kwamfuta.

Na uku, kula da data. Kwamfuta mai Windows tana sabunta kanta a ɓoye, tana iya cinye gigabait da dama a dare guda. A shiga saitinta a nuna mata cewa datar a ƙididdige take. Wayoyi ma idan suka ga Wi-Fi sukan ɗauka kyauta ce, su fara sauke duk abin da ke jira.

Na huɗu, wuta. Rauta ba ta cin wuta sosai, yawanci wat goma ne ko kusa da haka, don haka ƙaramin batir da allon sola ɗaya sun isa su riƙe ta ko an ɗauke wuta.

Na biyar, kuma shi ne ya fi wuya, mutane. A yi magana tun farko: wa zai biya nawa, a wace rana, kuma wa ke riƙe kalmar sirri. Iyaye su sa lokacin kashewa da dare saboda yara. Kada kuɗin data ya raba zumuncin da gado bai raba ba.

Duk wannan ba zai yi amfani ba a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis. Rauta ba ta ƙirƙirar intanet, abin da ta samu take rabawa. A 2020 gwamnatin jihar Kaduna ta yafe wa kamfanoni kuɗin izinin shimfiɗa kebul ɗin intanet, kuma shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi burin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin 100 na 'yan Najeriya. Ya kamata shugabannin ƙananan hukumomin uku da 'yan majalisarsu su tambayi kamfanoni da NCC nawa ne daga wannan alkawari ya iso Auchan da Likoro da Gimi. Starlink da ya shigo Najeriya a 2023 yana aiki ko babu turken waya, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin gida ɗaya, sai dai makaranta ko ƙungiyar manoma.

Kafin gwamnati ta yi nata, magidanta su yi nasu. A gwada layukan kamfanoni daban-daban a cikin gidan kafin a sayi rauta, a lissafa abin da kowa ke kashewa a wata, sannan a yanke shawara. Manomin rake a Makarfi da na tumatir a Ikara sun san amfanin haɗa kai wajen hayar mota zuwa kasuwa. Lissafin ɗaya ne a kan data.